Allura a Cikin Kunci: Yadda Na Shiga Gwajin Maganin Gyambon Baki

Ciwon baki ba ya kwantar da mutum, shi ya sa ba a zuwa dubiyarsa. Kana tafiya da ƙafarka, kana zuwa wurin aiki, amma loma ɗaya ta tuwo da miyar da ta ji attarugu sai ta sa ka hawaye. Nawa ya fara ne da wani kaushi a cikin kuncin dama, in na kai harshe sai in ji wurin ba sumul. Daga baya na hagu ma ya ɗauka, wuraren suka yi ja, suka fashe. Ni malamar lissafi ce a makarantar 'yan mata, kuma aikin malami da baki ake yin sa. Kafin a tashi tara sai in ji kumatuna suna raɗaɗi, ruwan sanyi kaɗai nake iya kurɓa.

Kowa da sunan da ya ba shi. Wasu suka ce zafin ciki ne, wasu basir, wasu suka ce shawara ce ta fito ta baki. Na kurkure da ruwan gishiri, na kurkure da bagaruwa, na shafa zuma. Wata ta ce rashin bitamin ne, in dage da lemo, ashe tsami shi ne babban abokin gabar wurin. Na bar zoɓo, na bar kunun tsamiya, kilishi kuwa ko ƙamshinsa na daina nema. Har makilin ya gagare ni, sai da na koma goge haƙori da buroshi da ruwa zalla.

Likitan haƙorin da ya fara duba ni da kyau bai daɗe yana kallo ba. Ya ja kuncin da ɗan madubinsa, ya haska, ya ba ni wani madubin ya ce in gani da idona. A gefen jan wurin akwai wasu fararen layuka sirara da suka sarƙe da juna kamar zanen leshi. Ya goga da auduga, ba su fita ba. Ya ce sunan ciwon laiken filanus na baki, waɗannan layukan kuma su ne tambarinsa. Wani likitan fata ɗan Ingila, Erasmus Wilson, shi ya sa wa ciwon suna a 1869, fararen layukan kuma ana kiransu da sunan Wickham, likitan Faransa da ya bayyana su a 1895.

Tambayata ta farko ita ce ko ana ɗauka, don a gida moɗa ɗaya muke shan ruwa da yara. Ya ce ba a ɗauka, ko ta kofi ko ta cokali ko tsakanin miji da mata, domin ba ƙwayar cuta ba ce. Garkuwar jiki ce da kanta, wani rukuni na fararen ƙwayoyin jini, take kai hari kan shimfiɗar ƙasa ta fatar baki. Yana samun kamar mutum ɗaya zuwa biyu cikin ɗari, ya fi yawa ga mata da suka haura arba'in. Da yawa suna da fararen layukan kawai, ba zafi, ba su ma san suna da shi ba. Nawa irin mai fashewa ne. Sai ya faɗi abin da ban so ji ba, kuma yanzu nake ganin shi ne mafi amfani cikin duk abin da aka gaya mini: ba a warkar da shi gaba ɗaya, lafawa yake yi ya dawo, aikin magani shi ne kwantar da shi.

Kafin a tabbatar sai da aka yanko ɗan nama daga kuncin, wanda bai kai ƙwayar wake ba, aka ɗinke, aka kai ɗakin gwaji. An ɗebi jini an duba ciwon hanta nau'in C, wanda a wasu ƙasashe ake yawan samunsa tare da wannan ciwo, an duba suga. An tambaye ni magungunan da nake sha, saboda wasu na hawan jini da na ciwon gaɓoɓi suna jawo gyambo mai kama da wannan, haka ma tsohon cikon haƙori mai launin azurfa idan yana gogar kunci. Duk ba su shafe ni ba.

Maganin farko na shafawa ne, mai sitirod, wato sinadarin da ke kwantar da kumburi ta hanyar rage kaifin garkuwar jiki. A tsane wurin da auduga, a shafa, kada a ci kada a sha na rabin awa. A faɗe da sauƙi. Baki wuri ne mai jiƙa, yawu ba ya barin komai ya zauna, ga gyambon can ciki kusa da turamen haƙora inda yatsa ba ya kaiwa sosai. Na samu sassauci a gaba-gaba, na can baya ya ƙi. Ana cikin haka wata matashiyar likita mai neman ƙwarewa a sashen da ake duba ni ta zaunar da ni ta ce, “Hajiya, akwai binciken da muke yi a kan masu irin ciwonki a kumatu biyu. Zan yi miki bayani, ki je gida ki yi shawara. In kin ce a'a, babu abin da zai canza a kulawar da muke ba ki.”

Abin da suke gwadawa allura ce da ake yi a ƙarƙashin gyambon kai tsaye, iri biyu. Ɗaya tirayamsinolon, sitirod ne tsohon magani da ake amfani da shi tun ƙarshen shekarun 1950, kuma an daɗe ana yin allurarsa a gyambon bakin da ya ƙi jin na shafawa. Ɗayar daga jinin mutum ake haɗa ta: a ɗebi jini, a juya shi a na'ura, a ware ruwan da ƙwayoyin daskarar da jini suka taru a ciki, a mayar wa mai shi. Waɗannan ƙwayoyi ba tsayar da jini kaɗai suke yi ba, suna sakin sinadaran da ke gaggauta haɗewar rauni. An gwada hanyar a Indiya da Masar da Italiya, a kan mutane kaɗan-kaɗan. Tsarin shi ne kunci ɗaya ya samu wannan, ɗayan ya samu waccan, a baki ɗaya, don kada a ce bambancin daga shekaru ne ko abinci ko jinin mutum.

Da na kai wa maigida takardar, bai gama karanta shafin farko ba ya ajiye. “Gwaji? A garin nan?” Ban ga laifinsa ba. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Duk wanda ya yi wayo a Kano ya san abin da ya faru a 1996 lokacin annobar sanƙarau, da kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan da ya ƙunshi yara kusan 200 a Asibitin Zana. Yara 11 suka rasu, wasu suka nakasa. Iyaye suka ce ba a sanar da su gwaji ake yi ba, kamfanin ya musanta laifi ya ce cutar ce ta yi ɓarnar, aka yi ta shari'a har aka sasanta da gwamnatin jihar a 2009 a kan dala miliyan 75. Wannan tabo bai goge ba, kuma duk mai son yin bincike a cikinmu dole ya san da shi yake magana, ko an ambata ko ba a ambata ba.

Malam ya ce zai raka ni ya ji da kunnensa. Ya yi wa likitar tambayoyi har na fara jin nauyi, ita kuwa ko a jikinta. Ta nuna masa takardar izinin kwamitin ɗa'a na asibitin mai hatimi. Ta ce tun 2007 Najeriya take da kundin ƙa'idojin binciken lafiya, wanda ya wajabta a yi wa mutum bayani da harshen da yake ji, wanda bai iya karatu ba a karanta masa gaban shaida ya dangwala, kuma yana da ikon fita duk ranar da ya ga dama ba tare da ya faɗi dalili ba. Takardar amincewar da Hausa aka rubuta ta, Hausar ta ɗan yi tauri amma ana ganewa. Abin da ya sauko da shi, a ganina, ba hatimin ba ne. Shafin illoli ne. An jera su ba ɓoye-ɓoye: zafin allura, kumburi, fumfunar baki, sirancewar fatar wurin in an yawaita, hauhawar suga na ɗan lokaci, da yiwuwar a yi duka ba a ga amfani ba. Ya ce, “Wanda ya gaya maka abin da maganinsa ba zai yi ba, ana iya sauraronsa.” Ni na sa hannu, ba shi ba. Likitar ta nace a kan haka, cikin ladabi.

Akwai tantancewa kafin a fara. Ba a ɗaukar mai juna biyu, ko mai shayarwa, ko wanda sugansa ya hau, ko mai shan maganin tsinka jini. An ce in dakatar da na shafawa na wasu makonni don kada tasirinsa ya gauraya da na allurar, kuma waɗannan makonni su ne mafi wuya a duk tafiyar, na koma rayuwa a kan koko da fura da dafaffen dankali. Wata tambaya ta ba ni mamaki. Nas ɗin ta rage murya ta ce, “Hajiya, ki yi haƙuri, wane mai kike shafawa a jiki? Kuma ko kin taɓa shan maganin ƙiba?” Ashe da yawa daga cikin mayukan bilicin da ke kasuwa suna ɗauke da sitirod mai ƙarfi, irin kulobetasol, wanda shi ne ma ake rubuta wa masu ciwon nan su shafa a baki. Ƙwayoyin sha-ka-fashe kuma galibi da dekzametason a ciki, wanda shi ma sitirod ne. Mace tana iya shekara tana ɗura wa jikinta sitirod ba ta sani ba, ta zo ta ce ba ta shan kowane magani, kuma da gaskiyarta take faɗa.

Ranar allura da safe ake zuwa, bayan an karya, don daga baya cin abinci sai an jira. Ranar farko aka buɗe wata ambulan da aka liƙe mai lambata, ita ta ƙayyade wane kunci zai samu wace allura. Ba likita ta zaɓa ba, ni kuma ba a gaya mini ba. Aka ɗebi jini a hannuna, kamar mililita goma, aka sa kwalbar a wata 'yar na'ura da ke kan tebur, ta yi ta juyi kusan minti goma tana ƙugi. Da aka fito da ita jinin ya rabu: ja ya kwanta a ƙasa, ruwan ɗorawa ya taso sama, tsakaninsu wani siririn farin zare. Daga ruwan da ke dab da zaren nan ake zuƙa. Wannan kam an bar ni na gani. Shi tirayamsinolon fari ne mai duhu-duhu, a ƙaramar kwalba mai miligiram 40 a kowace mililita, sai an girgiza kafin a zuƙa, akan kuma sirka shi. Tunda launinsu ya bambanta, sai a naɗe sirinjojin biyu da filasta, a ɗora mini kyalle a ido.

Ana fara fesa maganin kashe zafi, mai ɗaci, ya gangara maƙogwaro. Bayan ɗan lokaci kuncin ya yi nauyi. Allurar siririya ce irin ta masu ciwon suga. Ba a tsakiyar gyambon ake soka ta ba, daga gefe ake shiga a zura ta ƙarƙashi, a tura kaɗan, a zare, a matsa gaba a sake. Sukar ba ta dame ni ba. Abin da ake ji shi ne cikar wurin lokacin da ruwan ke shiga, fatar tana tasowa tana ɗaurewa, sai ɗanɗanon jini. Nas tana riƙe da bututun tsotse yawu, tana cewa “Sannu Hajiya, saura kaɗan.” Ni kuma ina karanta abin da ya sawwaƙa a zuci, hannuna damƙe da hannun kujera. Kumatu biyun duka ba sa wuce kwata na awa. Sai a danna auduga, a ce kada a sha abu mai zafi ko a tauna komai har sai bakin ya farfaɗo, don mutum yana iya cizon kuncinsa ya ji masa rauni bai sani ba. Haka ake yi mako-mako na kusan wata guda, sannan a koma zuwa dubawa kawai.

Wanda ke auna sakamako daban yake da mai yin allura, wani dattijon likita ne da shi ma bai san wane kunci ya samu me ba. Yana da ɗan ƙarfe mai zanen milimita da yake auna tsawo da faɗin gyambon. Yana ba kowane kunci maki daga 0 zuwa 5, bisa wani ma'auni da likitocin haƙori suka fitar a ƙasar Tailan a 1992: 0 babu komai, 1 fararen layuka kawai, 2 da 3 in akwai ja, 4 da 5 in wurin ya fashe, ana raba su da ko faɗin ya kai santimita ɗaya murabba'i ko bai kai ba. Ana ɗaukar hoto, na baki kaɗai, ban da fuska. Na nemi a nuna mini don in tabbata, aka nuna. Ni kumatuna biyu daga 5 suka fara.

Sai ma'aunin zafi, wanda nan ne aikin ya dawo hannuna. Layi ne mai tsawon santimita 10 a takarda, wannan ƙarshen babu zafi, wancan zafin da ba a iya jurewa. A ba ka biro ka yi alama, kowane kunci da nasa layin. Abin kamar wasa, amma a nan na ga inda irin wannan bincike zai iya lalacewa a hannunmu. Mu mutane ne masu kara. Yarinyar nan ta yi ta ɗawainiya da ke, ta kira ki a waya ta ji ya kika kwana, ta nemo miki kujera, yanzu kuma ki ce maganinta bai yi ba? A bencin jira na ji wata baiwar Allah tana ba da labarin yadda ta kwana ba barci saboda raɗaɗi, da aka kira ta ciki aka ce ya jiki, sai na jiyo ta tana cewa alhamdu lillahi, sauƙi ya samu sosai. Dattijon ya san halinmu. Yakan ce, “Hajiya, gaisuwa mun gama ta a bakin ƙofa. Yanzu aiki muke. In kin rage zafin don ki faranta mana, wata za a yi wa allurar da ba ta aiki saboda alamarki.” Godiya ga Allah daban, lamba daban. Don kada kunya ta ja mini hannu, na sayi ƙaramin littafi ina rubuta abin da na ci kowace rana da kuncin da ya yi zafi, in na zo sai in duba kafin in yi alama.

Akwai abin da ya tsaya mini a rai game da tsarin, na kuma faɗa musu. In an yi sitirod a kunci ɗaya, ai wani abu daga ciki zai shiga jini ya zaga, ya kai ga ɗayan. To in ɗayan ya yi sauƙi, wa za a yaba wa? Likitar ta yi murmushi ta ce wannan shi ne sanannen raunin gwajin raba baki biyu, adadin da ake yi kaɗan ne amma ba za a ce babu ba, kuma dole ta rubuta shi cikin rahotonta. Na ji daɗin amsar fiye da a ce ta kare kanta.

Wajen tsakiyar watan sai wani farin abu ya lulluɓe mini harshe da ganɗa, baki ya yi ɗanɗanon ƙarfe. Na tsorata, na ɗauka ciwon ne ya bazu. Da aka goga da auduga sai ya fita ya bar ja a ƙasa, saɓanin layukan da ba sa gogewa. Fumfunar baki ce, wadda ake kira kandida. Tana zaune a bakin mutane da yawa ba ta cutarwa, sitirod ne ke rage tsaron wurin ta samu sarari. Aka ba ni ruwan nistatin in riƙa kurkurawa ina riƙewa a baki, cikin kwanaki ta washe. An cike mata fom na musamman, da ranar da ta fara da ranar da ta ƙare. Suga kuma ana duba shi da sukar yatsa duk zuwa, nawa bai motsa sosai ba.

Sauƙin ya zo a hankali. Jan ya fara ja baya daga gefe, fashewar ta rufe, aka bar fararen layukan, waɗanda aka ce mini wataƙila da su zan zauna. Kumatun biyu duka sun sauko, ɗaya zuwa 1, ɗaya zuwa 2. Na koma koyar da darasi biyu a jere ba tare da kofin ruwa a tebur ba. Na ci miyar taushe da ɗan tattasai, attarugu dai har yau tukunyata daban ake yi.

Bayan wasu watanni, lokacin makin jarrabawa da rashin barci, kuncin hagu ya sake fashewa, ƙarami. Damuwa da gajiya suna cikin abubuwan da ke tayar da shi. Lokacin an rufe karɓar bayanai, don haka aka buɗe mini ambulan: hagu shi ya samu ruwan jinina, dama tirayamsinolon. 'Yata ta ce, “To Umma, ai an gane wanda ya fi.” Na ce mata ɗaliba ɗaya ba ta nuna matsayin aji. Kuncin hagun nan tun asali ya fi faɗin gyambo, kuma ta nan nake tauna. Hukunci sai an haɗa na kowa an yi lissafi. Ko ma an ce sun yi kunnen doki, akwai abin dubawa: kwalbar tirayamsinolon ana samunta a kantin magani, ita kuwa ɗayar tana buƙatar ɗibar jini da na'ura da wutar lantarki da wanda ya iya. Amma ga mai ciwon suga, ko wanda fumfuna ke yawan kama shi, ko wanda aka riga aka yi wa sitirod har fatar wurin ta sirance, samun wata hanyar ba ƙaramin abu ba ne.

Fashewar ta biyu da na shafawa aka kwantar da ita, ba a kai ga allura ba. Na samo makilin marar kumfa marar yaji, da buroshi mai laushi na yara, an kuma goge mini wani haƙori mai kaifi da ke yankar kuncin. Wata maƙwabciya da ta ji labari ta nemi in rubuta mata sunan allurar ta kai kemis a yi mata. Na ƙi, na ba ta ranar da sashen ke ganin sababbin marasa lafiya. Ba kowane gyambon baki ne wannan ciwon ba, kuma sitirod a kan gyambon da ba a san asalinsa ba yana iya lulluɓe abin da ya fi shi haɗari.

Binciken ya ƙare amma zuwa asibiti bai ƙare ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa wannan ciwo cikin waɗanda kan iya rikiɗewa su zama sankarar baki. Kaɗan ne ke kai wa ga haka, kamar ɗaya cikin ɗari, an fi jin tsoro ga irin mai fashewa, da na gefen harshe, da masu shan taba ko giya. Don haka duk wata shida ake duba ni, ko da babu zafi. An ce in lura da gyambon da ya wuce mako biyu zuwa uku bai rufe ba duk da magani, ko wurin da ya yi tauri in an taɓa, ko ƙari a kunci ko a wuya, ko jini haka kawai. In aka ga ɗaya daga cikinsu ba a jiran ranar da ke kan kati, kuma ba allura za a yi ba, nama za a sake yankowa a kai ɗakin gwaji.